Ruwa a Ƙarƙashin Gida da Daɓen da Ya Lotsa: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai gidajen da ba a zuba musu daɓen siminti a kan ƙasa. Ana ɗaga su ne a kan gajeren bango da ginshiƙai, a jera azara, a shimfiɗa daɓen katako a kai, a bar wani sarari tsakanin daɓen da ƙasa wanda ba a iya miƙewa a cikinsa, sai dai rarrafe. Irin wannan gini ya yawaita a Amurka, musamman kudancinta, ana kuma samunsa a Ostireliya da wasu ƙasashen Turai. Tambayoyin da ke ƙasa duk a kan wannan sarari suke, da kuma daɓen da ke samansa.

Me ya sa ake barin wannan sarari tun farko?

Don a nisanta katako da ƙasa, a kuma sami hanyar bi da bututun ruwa da wayoyin lantarki yadda mai gyara zai iya kai musu. A fili mai gangara ya fi sauƙi a ɗaga gida a kan ginshiƙai da a yi ta ciko. Kundin ƙa'idojin gina gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi, wanda ake kira IRC, ya ce a bar aƙalla inci 18, kimanin santimita 45, tsakanin azara da ƙasa, babban katakon da ke ɗauke da azarar kuma a bar masa inci 12, sai fa in katakon mai magani ne ko mai jure ruɓa.

Ban taɓa leƙa wurin ba. Ta yaya zan san akwai matsala?

Hanci ne kan fara faɗa maka. Warin rima da ke tarbar mutum idan ya buɗe gida bayan kwana biyu ba ya nan, mafi yawan lokuta daga ƙasa yake tasowa, domin iska mai ɗumi tana hawa sama ta fice ta rufi, gidan kuma ya zuƙo wata daga ƙarƙashinsa ta kowace kafa da ke jikin daɓe. Sai ƙofar da ta fara cijewa, da tsagar da ta fito daga kusurwar ƙofa ko taga ta yi sama a karkace, da katakon daɓe da gefunansa suka ɗago tsakiyarsa ta faɗa, da kwanukan da ke kaɗawa a kabad in an wuce.

In ka ga biyu daga cikin waɗannan, nemi tocila ka leƙa. Dubi jikin bango ko akwai layin da ruwa ya taɓa kwanciya ya bari, ko farin gari kamar gishiri a jikin bulo. Wannan garin shaida ce cewa ruwa yana ratsa bangon yana bushewa a ciki.

Daga ina ruwan yake zuwa, alhali ba ma kusa da kogi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Ana kashe kuɗi mai yawa a kan leda da injuna ba tare da an tsaya an gano hanyar da ruwan ke bi ba.

Babbar hanyar ita ce rufin gidan kansa. Lissafin ba wuya: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 25, zai zubar da lita 2,500. Idan babu indararo, ko akwai amma bututunsa yana zubarwa a gindin bango, duk wannan ruwa a jikin harsashin gidan yake sauka. Ƙasar da ke gindin bango kuwa ciko ce da aka mayar bayan an haƙa harsashi, ba ta kai sauran ƙasar tauri ba, tana kuma zaunawa da shekaru har ta koma tana gangarowa wajen gidan.

Akwai ruwan da ke tasowa daga ƙasa idan damina ta yi nisa ko ƙanƙara ta narke. Shi wannan ba ya bin ranar da aka yi ruwa, sai bayan kwanaki a gan shi, kuma yakan daɗe kafin ya janye. Akwai tururin da ƙasa ke fitarwa dare da rana, ko da ta yi kama da busasshiya a ido. Akwai kuma laimar da iska ke shigowa da ita daga waje. Kada a manta da bututu mai yoyo: in wuri ɗaya ne kaɗai ke jiƙe, kuma a ƙarƙashin banɗaki ko kicin yake, ko da rani bai bushe ba, mai gyaran famfo ake nema kafin kowa.

Lokacin da ruwan ke bayyana shi ke nuna asalinsa. Saboda haka ka shiga sau ɗaya bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ka sake shiga bayan mako guda ba ruwa, ka kwatanta. In da hali ma ka fita da lema ana tsakar ruwan ka zagaya gidan ka ga inda yake taruwa. Minti goma na wannan zagayen sun fi dogon bayanin mai talla amfani.

An ce ƙananan tagogin da ke jikin bangon ƙasa su ke busar da wurin. Haka ne?

A inda iska take a bushe, suna taimakawa. A inda ake zafi da laima, akasin haka suke yi. Iska mai zafin digiri 30 a ma'aunin Salsiyas, mai laima kashi 70 cikin 100, tana fara zubar da raɓa ne da zarar ta taɓa abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 24. Ƙarƙashin gida kuwa inuwa ce, ƙasa na sanyaya shi, in kuma ana kunna na'urar sanyaya ɗaki a sama to daɓen ma sanyi gare shi. Abin da ke faruwa da kwalbar ruwan sanyi da aka ajiye a tebur ta fara zufa, shi ke faruwa da azara da bututu.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a bar taga mai faɗin kashi 1 cikin 150 na faɗin wurin, in an shimfiɗa leda a ƙasa kuma a iya rage shi zuwa 1 cikin 1,500. A farkon shekarun 2000 wata cibiya mai suna Advanced Energy ta gwada gidaje a jihar Karolina ta Arewa, ta kwatanta waɗanda aka bar wa tagogi da waɗanda aka rufe, aka ga rufaffun sun fi bushewa nesa ba kusa ba a lokacin zafi. Yanzu kundin IRC ya yarda da hanyoyin biyu, kowace da sharuɗɗanta.

To ta ina ake farawa?

Daga waje. A gyara indararo, a share ganyen da ya toshe shi, a ƙara wa bututunsa tsawo ya kai ruwan aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga bango. A cike gindin bango da ƙasa mai danƙo, a daddale ta, ta gangara waje da kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko. A kula kada cikon ya hau har ya taɓa katako ko ya rufe tagogin. Furannin da ake ba ruwa kullum a jikin bango a matsar da su.

A ganina wannan aiki mai arha shi ne rabin maganin a gidaje da yawa, amma ba kasafai mai sayar da kayan aiki zai fara da shi ba, tunda ribarsa kaɗan ce. A yi shi, a jira ruwa biyu ko uku, sannan a sake dubawa kafin a yanke shawarar abin da za a yi a ciki.

Wace irin leda ake shimfiɗawa, kuma yaya?

Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi shi ne milimita 0.15. Tana aiki, sai dai gwiwar mai gyara ɗaya da tsakuwa mai kaifi sun isa su huda ta. In ana shiga wurin a kai a kai, gara mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.5, mai zare a cikinta. Kafin a shimfiɗa a kwashe duk guntun katako da kwali da tarkacen da magina suka bari, domin abincin gara ne. Inda falle biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya aƙalla santimita 15, in an ba shi 30 ya fi, a liƙe da tef ɗin da aka yi domin wannan aiki. A hau da ita jikin bango da jikin kowane ginshiƙi a manne.

Tururi leda ke tarewa. Ruwan da ke kwarara ba ta iya masa komai, in ma aka shimfiɗa ta a inda ruwa ke shigowa sai ya kwanta a samanta ya rasa hanyar tsanyewa.

In ruwa yana kwanciya duk da an gyara waje fa?

Sai a haƙa 'yar magudana a bi gefen bango ta ciki, a sa bututu mai huji-huji, a rufe shi da tsakuwa, a naɗe da yadin tace ƙasa don kada laka ta toshe shi. Duk ya gangara zuwa wani rami a wuri mafi kwari, inda injin tsotse ruwa zai zauna ya riƙa tashi da kansa in ruwan ya kai wani mataki. Ramin ya kasance da murfi. Bututun fitarwa ya kasance da abin da ke hana ruwa dawowa, ya kuma kai ruwan nesa, in ba haka ba ruwa ɗaya injin zai yi ta juyawa. Kada a haƙa dab da harsashi har a zurfafa ƙasa da gindinsa. Sannan a tuna cewa daren da aka fi buƙatar injin, daren hadari, shi ne daren da wuta ta fi ɗaukewa, don haka batirin ko-ta-kwana yana cikin lissafi.

Fentin hana ruwa da ake shafa wa bango ta ciki yana aiki?

Yana rage danshi kaɗan. In ruwa yana turowa daga bayan bangon, fentin zai kumbura ya ɓare.

Kowane gida ne ya dace a rufe ƙarƙashinsa ruf?

A'a. Rufewar tana nufin a toshe tagogi, a lulluɓe ƙasa da bango da leda mai kauri, a liƙe ƙofar shiga, sannan a sa na'urar tsotse laima ko a turo iska kaɗan daga cikin gida, a riƙe laimar ƙasa da kashi 60 cikin 100. In an yi daidai, aiki ne mai kyau. Amma akwai abubuwan da sai an duba.

In akwai tukunyar dafa ruwa ko murhun ɗumama gida mai aiki da gas a wurin, wanda ke shan iskar wurin, toshe tagogi na iya sa hayaƙinsa ya dawo cikin gida, kuma iskar da ke cikin wannan hayaƙi tana kisa ba tare da wari ba. A yankin da ambaliya ke ci, doka a Amurka ta wajabta barin kafofin da ruwa zai shiga ya fita, don kada nauyinsa ya ture bango. Inda gara take, ana barin tsirin bango kamar santimita 7 ko 8 a sama ba leda, yadda mai dubawa zai ga hanyarta in ta hau. Sai iskar radon, wadda ke fitowa daga ƙasa a wasu yankuna, ba launi ba wari, wadda ita ce ta biyu bayan sigari wajen haddasa kansar huhu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a ɗauki mataki in ta kai bekerel 148 (ma'aunin yawanta ke nan) a kowace kubik mita ta iska, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar 100. A auna ta kafin aikin da bayansa. In ta yi yawa, ana sa bututu a ƙarƙashin ledar da fanka mai zuƙe ta zuwa saman rufi.

Me ke sa daɓe ya lotsa?

Ruɓa ce kan gaba. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ba ya ruɓewa. In ya daɗe a wajen 28 zuwa 30, ruɓa ta sami wurin zama, kuma takan fara ne daga bakin azara inda ta hau bango, da ƙarƙashin banɗaki. Gara da ƙwarin da ke huda katako su ma danshin suke bi.

Sai ginshiƙin da ya nutse, ko don an kafa shi a kan ƙasa ba tushen kankare, ko don ƙasar ta jiƙe ta yi laushi. Ƙasa mai yumɓu tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ginshiƙi ya yi ta hawa da sauka. Akwai kuma azarar da tun asali ta yi ƙanƙanta ga tazarar da aka ba ta, ko wadda aka ɗora wa nauyin da ba a yi ta dominsa ba, kamar sabon bango ko tayil mai kauri ko babban bahon wanka. Katako in ya shekara da shekaru ɗauke da nauyi yakan lanƙwashe a hankali ya zauna a haka, ko da lafiyarsa ƙalau.

Wanda ya fi ba da haushi shi ne aikin hannun mutum: mai sa bututu ya zo ya tarar da azara a hanyarsa, ya sa zarto ya yanke rabinta. Ƙa'ida ta hana yi wa azara gibi a kashi ɗaya cikin uku na tsakiyarta, inda aka halatta ma kada gibin ya wuce kashi 1 cikin 6 na kaurinta ta tsaye. Huji kuma kada ya wuce kashi 1 cikin 3, kada ya matso gefe fiye da santimita 5.

Lotsawa nawa ce abin damuwa?

Ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi ga daɓen ɗaki shi ne kada lanƙwasar da nauyin mutane da kaya ke jawowa ta wuce kashi 1 cikin 360 na tazarar. Azara mai tazarar mita 3.6 ke nan santimita 1 aka yarje mata. Tsohon gida yakan wuce haka ba tare da wani hatsari ba. Abin da ya fi girman lotsawar muhimmanci shi ne ko tana ƙaruwa. Ɗaura igiya daga bango zuwa bango ka ja ta tsam, ka auna tazararta da daɓe a tsakiya, ka rubuta da kwanan wata, ka sake bayan wata uku. In adadin ya canza, ko daɓen yana laushi a ƙarƙashin ƙafa, ko bango ya fara rabuwa da shi, kira injiniyan gini.

Wurin lotsawar ma yana magana. In tsakiyar gida ce ta faɗa a layi ɗaya, a tuhumi babban katako da ginshiƙansa. In tsakiyar ɗaki ɗaya ce, azara ce. In kuwa daɓen ya gangara zuwa bangon waje, ko dai katakon da ke kwance a kan bangon ya ruɓe, ko harsashin ne da kansa ya zauna, wanda aiki ne na daban kuma babba.

In wurin ya bushe, daɓen zai koma daidai?

Ba zai koma ba. Bushewa tana tsayar da ɓarna, ba ta mayar wa ruɓaɓɓen katako ƙarfinsa. Amma ita ake fara yi, domin sabon katako a jiƙaƙƙen wuri hanyar tsohon zai bi.

Yaya ake gyaran?

In azara ɗaya ko biyu ne suka tsage ko suka yi rauni, ana kawo sabuwa mai girmansu a jingina a gefe, a shafa gam, a ɗaure su da ƙusoshi ko noti yadda za su zama abu ɗaya. Ya fi kyau sabuwar ta kai daga madogara zuwa madogara. Wurin da ya ruɓe a yanke shi ko a sa masa magani, kuma ƙusa ta kama lafiyayyen katako. Sukudireba ita ce alƙali a nan: in ta shige da ɗan turawa, wannan wurin ba ya riƙe komai.

In azarar duka ne suka yi tsawo, sai a gitta sabon babban katako ko ƙarfe a ƙarƙashinsu, a tsakiya, a kan sababbin ginshiƙai. Wannan gyara yana da ƙarfi fiye da yadda ake zato, domin lanƙwasa ba ta bin tsawo ɗaya bayan ɗaya. In aka raba tazara biyu, lanƙwasar tana raguwa kamar sau 16. Kaurin katako ta tsaye ma haka: ninka shi biyu yana ƙara masa tauri sau 8, shi ya sa ake kafa azara a kan gefenta, ba a kwantar da ita.

Ginshiƙan na iya zama na bulo ko na ƙarfe mai zare da ake murɗawa a ƙara masa tsawo. Ko wanne ne, abin da ke ƙarƙashinsa shi ne magana. Dole ya tsaya a kan tushen kankare da aka zuba a kan ƙasa mai tauri, mai faɗin da ya dace da nauyin da kuma irin ƙasar. Bulo mai rami ana tsayar da shi ne ramukan na kallon sama, in aka kwantar da shi a gefe yana iya fashewa ba gargaɗi. Ƙarfen kuma ya zama mai rufin hana tsatsa, wanda aka ƙera don zama na dindindin, domin akwai na wucin gadi da ke kama da shi.

Zan iya ɗaga shi da jak a rana ɗaya?

Daɓen da ya ɗauki shekara ashirin yana sauka ba ya son a mayar da shi da yamma guda. Bango da tayil da bututu duk sun bi shi sun zauna, in aka tura da ƙarfi su za su tsage. Masu aikin da yawa ba sa wuce milimita 3 a rana, wasu ma sai su murɗa kaɗan su bar shi mako. Jak mai aiki da mai na ɗagawa ne kawai, yana saki a hankali, ba a barinsa a matsayin ginshiƙi, ba a kuma sa jiki a ƙarƙashin abin da shi kaɗai ke riƙe da shi. Sau da yawa ma ba a neman daɓen ya koma daidai cif. A tsayar da saukar, a rage gangarar yadda ƙofofi za su rufu, ya wadatar.

Me zai hana in zuba siminti a sama in daidaita shi kawai?

Nauyi za ka ƙara wa abin da nauyi ya riga ya kayar. Daidaitawa ta sama tana da wurinta, amma bayan an tabbatar ƙasan ya tsaya.

Fumfunar da ke jikin katakon fa?

Fumfuna a fatar katako take zama, ba ita ke cin ƙarfinsa ba, amma tana damun masu asma da masu saurin atishawa, kuma alama ce cewa laimar ta yi yawa, ruɓa na iya biyo baya. Ana goge ta bayan an busar da wurin. Maganin boret da ake fesa wa katako yana hana ruɓa da ƙwari. Audugar gilashi da aka cusa tsakanin azara don hana sanyi, in ta jiƙe ta zazzago, a cire ta, domin danshi take riƙewa a jikin katako. In ka ga siririyar hanyar laka ta hau bango ko ginshiƙi, gara ce, a kira masu maganinta kafin a rufe komai da leda.

Wane aiki zan iya yi da kaina, wane ne sai gwani?

Indararo, ciko, kwashe tarkace da shimfiɗa leda, mai ƙwazo zai iya. Ya sa takunkumi mai tace ƙura, da safar hannu, da tabarau, ya kuma sanar da wani cewa ya shiga. Kashin ɓera yana ɗauke da cuta, ba a share shi a bushe, sai an jiƙa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Maciji da kunama suna son irin wannan wuri. Ba a shiga ruwan da ke kwance alhali akwai wayar lantarki a ƙasa sai an kashe wutar. Tsohon farin abin da aka naɗe bututu da shi yana iya zama asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kada a taɓa shi.

Duk abin da ya shafi ɗaga gida, canza babban katako ko taɓa harsashi, na gwani ne, kuma a wurare da yawa sai da izinin hukumar gine-gine.

Me zan tambayi wanda zai yi mini aikin?

Ya nuna maka hotunan abin da ya gani, ya faɗi adadin danshin da ya auna a katako da laimar iska. Ka tambaye shi daga ina ruwan ke shigowa, ka lura ko ya zagaya wajen gidan kafin ya amsa. A rubuce ya bayyana kaurin leda, yawan ginshiƙai, girman tushen kowane ɗaya, da abin da garantinsa ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba. In aikin babba ne, kuɗin da za ka ba injiniyan da ba ya sayar da komai don ya duba ya rubuta abin da ake buƙata ba asara ba ne, da takardarsa za ka kwatanta farashin 'yan kwangila biyu ko uku a kan aiki iri ɗaya.

Bayan an gama, sai me?

Ajiye ƙaramin ma'aunin laima a wurin, irin wanda ake karantawa daga cikin gida. Sau biyu a shekara ka shiga: ka zuba bokitin ruwa a ramin injin ka ga ya tashi, ka wanke matatar na'urar tsotse laima, ka liƙe inda leda ta yage, ka duba tsirin bangon da aka bari saboda gara. Katakon da ya bushe yakan ɗan tsuke a shekarar farko, saboda haka ginshiƙan ƙarfe na iya buƙatar a ɗan ƙara murɗa su.